KUJERA ƊAYA KO BIYU

Na Bashira Datti (Maman Husainatu)

SHAFI NA 27

Kai jama'a, kun kusa fasa min waya! Murja ta 'Yankaba har da saƙon murya, wai in aka raba Ruƙayyatu da 'yarta ta daina karatu har abada. To Murja, gyara zama. Ku kuma masu zagin Hajjo a sassauta, tsohuwa ce, kuma wallahi ba ku gama saninta ba. Bismillah.

*

Tun da gari ya waye Ruƙayyatu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta goge teburin cin abinci, ta sake gogewa, ta ɗora laptop a kai, ta gyara mata zama. Yau ce ranar! Yau Dakta Noraini za ta faɗi sakamakon gwajin da aka daɗe ana yi wa 'yarta Ulfa. Likitar ta ga yarinyar ido da ido kafin korona ta kulle gari, sauran kuwa duk ta bidiyo aka ƙarasa.

Sai dai murnar tata da ƙaya a ciki. Jibi jirgin kwashe 'yan Najeriya zai tashi. Akwatunan surukarta Hajjo ga su can jingine a falo, maƙil da yadudduka da hijaban kasuwar Jalan TAR, a samansu kuma 'yar jakar Ulfa ce mai ruwan hoda. Fasfon yarinyar ma yana cikin lalitar Hajjo tun shekaranjiya.

Ai kun san tushen abin. Ranar suna mijinta Zulkiflu ya ce wa mahaifiyarsa, "Hajjo an yi miki takwara, taki ce, in ta shekara shida ki ɗauki abarki." Shi cikin murna ya faɗa, ita kuwa tsohuwa ta ƙulle maganar a bakin zani. Ta zo aikin ido na 'yan makonni, kulle ya rutsa da ita a unguwarsu ta Wangsa Maju da ke Kuala Lumpur, ga shi Ulfa ta cika shida a gabanta.

Ruƙayyatu kuwa bakinta a ɗinke. A gidan su Hajjo uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban surukai, balle ta tanka in ana shawara a kansa. Watannin nan duk "yarinyar nan" take cewa. In tana son ta rungumi 'yarta sai ta ja ta banɗaki ta rufe ƙofa.

"Sri Rampai... Setiawangsa... Jelatek..."

Ulfa ce manne da taga tana kallon jirgin ƙasa na LRT yana wucewa ta saman gada, tana jero sunayen tashoshi. Kafin ka ƙifta ido ta dira, ta haye kujera, ta sauko, ta gutsiri roti, gurasar mutanen can, a koren farantinta, ta koma taga da gudu. In ba wannan koren farantin ba, ba ta ci. In ba rotin mamak, mai shagon abincin ƙasan bene, ba, ba ta ci. Amma kuma ta zauna ta cinye shi a zama ɗaya? Sai dai wata yarinyar.

Daga bakin ƙofa har gaban tebur takalman gidan ne a jere, ɗaya bayan ɗaya. Jirgin Ulfa ke nan. Wanda ya kuskura ya shure ɗaya, ranar sai maƙwabta sun ji.

Hajjo ta fito daga ɗaki da carbinta. Ta tattare zani, ta tsallake layin takalman a hankali ba tare da ta ko duba ƙasa ba. Ruƙayyatu ta daɗe da lura, kowa a gidan ya taɓa rushe layin nan, har ita uwar, amma ban da Hajjo.

"Takwara, kin ƙi kallona ko? Jibi dai ni da ke ne, sai ki gaya min wa za ki yi wa yanga."

"Dato' Keramat," in ji Ulfa, tana ci gaba da jero tashoshinta, ba ta juyo ba.

"Ke kika sani. Auta! Kai Auta!"

Zulkiflu ya fito da jallabiyarsa ruwan toka, wadda in an wanke sai ya tsaya ta bushe ya mayar. Yana laluben aljihu.

"Wa ya ga tabarauna?"

"Yana kanka, Dakta," Ruƙayyatu ta faɗa a hankali. Duk 'yan Najeriyan Wangsa Maju Dakta suke ce masa, duk da digirin ya ƙi ƙarewa.

Hajjo ta ja kujera ta zauna daram a gaban laptop.

"Da ni za a yi. Kai za ka yi min tafinta. Tunda ni zan riƙe ta, ni ya kamata in ji."

Ya sauko da tabaraun ya saka. "Hajjo, ai da kin huta, in an gama sai in..."

"Na ce da ni za a yi."

Ƙirrr! Kira ya shigo.

Fuskar Dakta Noraini ta cika allon, da ɗan mayafinta shuɗi da fara'arta. Aka gaisa, ta ɗaga wa Hajjo hannu tana cewa "Assalamu alaikum, nenek," wato kaka. Hajjo ta amsa da ƙarfi kamar mai magana da wanda ke bayan katanga.

Zulkiflu bai zauna ba. Ya tsaya a bayan uwarsa, yana kaɗa ƙafa.

Likitar ta fara da Turanci, a nutse.

"Na san an ruɗa ku. Makaranta ta ce autism ne, likitan farko ya ce a'a, ADHD ne, tunda ba ta zama. Kowa ya ga rabi ne. Ulfa tana da duka biyun, kuma hakan ba baƙon abu ba ne, sau da yawa tare suke zuwa."

Ruƙayyatu ta dafe ƙirji. Duka biyun! Shekara da shekaru tana karance-karance, ta karanta wannan ta ce ita ce, ta karanta wancan ta ce ita ce, sai ta ga kamar ita ce ta haukace. Ashe duk biyun gaskiya ne. Wani irin daɗi ya taso mata, saura kaɗan ta yi guɗa.

Hajjo ta ɗaga kai. "Me ta ce?"

Zulkiflu ya yi gyaran murya.

"Ta ce... ƙiriniya ce ta yara."

Ruƙayyatu ta waigo da sauri. Ya ƙi kallonta.

"Ato," in ji Hajjo. "Ni ma abin da na ce ke nan."

Likitar ta ci gaba, ba ta san me ake ciki ba.

"Ba tarbiyya ba ce ta yi ƙaranci, ba kuma shagwaɓa ba ce. Haka ƙwaƙwalwarta take aiki. Kada a dake ta a kan abin da ba da gangan take yi ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce a riƙa ɗan tsawata mata."

La'ilaha illallahu! Jama'a kun ji Dakta? Ni Bashira da ina wurin da tuni na fasa ƙwai. Amma Ruƙayyatu ta cije leɓe, ta sunkuyar da kai. Ta ina za ta fara? Ta ƙaryata mijinta a gaban uwarsa, a kan 'yar fari kuma?

Ta tattaro ƙarfin hali ta yi tambaya da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, tunda ta san Hajjo ba za ta gane ba.

"Dakta, idan aka tafi da ita Najeriya jibi, ba tare da ni ba fa?"

Fara'ar likitar ta ɗauke.

"Jibi? Cannot lah! Yarinyar da takunkumi ba ya minti biyu a fuskarta, ita za a ɗaure a kujerar jirgi yini da kwana? Ga gwajin hanci kafin a tashi. Sannan ta sauka babu uwarta, babu farantinta, babu tagarta. Ban ce ba za ta taɓa zuwa gida ba, za ta je, amma sai an shirya ta sannu a hankali. Kuma na samar mata gurbi a wurin masu koyar da irinsu, mako mai zuwa za a fara. In ta tafi wani za a ba."

Gurbi! Ruƙayyatu ta ji kamar ta tashi ta taka rawa. Mutane watanni suke yi suna jiran wannan gurbin.

Hajjo ta zungure ɗanta da carbi. "Na ga ta ɓata rai. Me ta ce?"

Zulkiflu ya kau da kai.

"Auta, da kai nake."

"Ta ce... canjin iska zai yi mata amfani. A tafi da ita."

"Ba haka ta ce ba."

Ita kanta Ruƙayyatu ba ta san lokacin da maganar ta fita ba.

Zulkiflu ya zaro ido. "Ruƙayya!"

"Wallahi ba haka ta ce ba."

Ta zame daga kujera ta durƙusa a gaban Hajjo.

"Hajjo ki gafarce ni. Na san ba a yi. Na san a gidanku ba a taɓa yi ba. Amma Ulfa..." muryarta ta karye, ta sake kamo sunan da ƙarfi. "Ulfa 'yata ce. Ni na haife ta, ina sonta, kuma ba zan iya yin shiru a kai ta inda za ta wahala ba."

Ulfa da ke taga ta juyo. Ba ta saba jin sunanta a bakin uwarta a falo ba.

Hajjo ta ajiye carbi a cinya.

"Iye? Yau kuma? A gabana, 'yar nan?"

"A gabanki, Hajjo. Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma ki fara jin abin da likita ta ce."

"Hajjo, kada ki biye mata," Zulkiflu ya katse. "Turancin likitoci ne, ba ta gane..."

"Kai, rufe min baki."

"Hajjo..."

"Na ce rufe min baki! Ido aka yi min aiki, kuma ya buɗe tar. Matar nan ta yi magana mai tsawon zani, kai ka ba ni ƙyalle. Tana girgiza kai kana ce min ta ce a tafi. Ni za ka mayar ƙaramar yarinya?"

Ta dubi Ruƙayyatu.

"Tashi ki zauna. Rashin kunyar da kika yi min za mu yi maganarsa daga baya. Yanzu faɗa min, kada ki rage ko wasali."

Dakta Noraini na can cikin allo tana raba ido. "Is everything okay?"

"Okay ne, Dakta, minti ɗaya," in ji Ruƙayyatu tana share hawaye da bakin mayafi. Ta juyo ga Hajjo, maganar na tuntuɗowa kamar an ɓalle famfo.

"Hajjo, abu biyu ne a tare. Ɗaya sunansa autism, ɗaya ADHD. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma ni na sangarta ta ba. Kamar mutum biyu ne a cikinta. Ɗaya ya riƙe mata zani yana cewa kada ki motsa, komai ya zauna yadda yake jiya, farantin jiya, rigar jiya, hanyar jiya. Ɗayan kuma yana jan hannunta yana cewa tashi mu gudu, wancan ya fi, ga wani can. Shi ya sa za ta yi kuka sai an ba ta koren faranti, in an ba ta kuma ta kasa zama ta ci. Ita ma wahala take sha, Hajjo. Tsakaninsu take, kowa na ja."

Hajjo ta ƙura wa layin takalman ido.

"Kuma ta ce in aka tafi da ita jibi za ta firgice. Ta samar mata wurin da za a koya mata yadda za ta zauna da su biyun lafiya. Mu ma za a koya mana."

"Akwai masu koyar da wannan?"

"Akwai, Hajjo."

"Yana da suna, har da masu koyarwa." Tsohuwar ta faɗa kamar da kanta take. Can sai ta gyara zama, ta matso da fuskarta dab da allon. "Tambayar min ita. Irin yaran nan, suna toshe kunne su yi ta ihu in an tayar da injin markaɗe?"

Ruƙayyatu ta juya tambayar. Likitar ta gyaɗa kai da sauri. "Sosai. Ƙara tana yi musu ciwo kamar duka."

"Ta ce ƙwarai."

"Tambaye ta, suna ƙin sabon kaya ranar sallah? A ɗinka musu shadda su tuɓe su koma tsohuwar riga?"

"Ta ce eh, sabon yadi yana cizon jikinsu."

"Suna haddace izu guda a 'yan kwanaki, malam ya yi ta sa albarka, amma ka aike su sayen gishiri su dawo hannu biyu, sun manta me aka aike su?"

Likitar har da tafa hannu. "Yes, yes! Nenek ta san abin nan. Wannan shi ne haɗuwar biyun. Abin da ya kama zuciyarsu ba sa saki, abin da bai kama ba kuma ba ya zama ko na minti ɗaya."

Ruƙayyatu ta buɗe baki za ta fassara, sai ta tsaya cak.

Injin markaɗe? Ina Ulfa ta taɓa jin injin markaɗe a hawa na goma sha ɗaya a Kuala Lumpur? Tana goye aka zo da ita. Shadda? Aiken gishiri? Yarinyar da ko lif ba ta taɓa shiga ita kaɗai ba?

"Hajjo," ta ce a hankali, "ai Ulfa ba ta taɓa..."

"Wa ya ce miki takwara nake tambaya?"

Tsohuwar ta juya da kujerarta gaba ɗaya, ta kalli wanda ke tsaye a bayanta.

Ƙafar Zulkiflu ta daina kaɗawa.

Wayyo Allah, jama'a! Ku riƙe ni!

"Shekara huɗu yaron nan bai ce min Inna ba," in ji Hajjo. "Marafan kwalba yake tsincewa ya jera su tun daga zaure har bakin rijiya. A nan na koyi tsallake layi, 'yar nan, ba a gidanki ba. Ɗan kwanon shansa guda ɗaya ne, ranar da ya faɗa rijiya kwana biyu bai ci abinci ba, sai da aka sa mai yasa ya shiga ya ɗauko. Yana shekara biyar ya ɓace, muka karaɗe Fagge da kuka, ashe yana tashar jirgin ƙasa a zaune yana ƙirga taragu."

"Hajjo, don Allah..."

"Aka ce min aljanu ne, na ce ɗana ba shi da aljanu. Aka ce a kai shi a ɗaure, na ce sai dai a ɗaure ni. Ni kaɗai na san yadda na yi da kai, ba likita, ba suna, ba mai koya min. Shi ya sa da na zo na ga takwara na ce wannan tawa ce. Na ce 'yar nan yarinya ce, ba za ta iya ba, ni na taɓa rainon irinta har ya zama mutum."

Ruƙayyatu ta toshe baki da hannu biyu. Ashe ba ƙwace Hajjo ta zo yi ba! Duk watannin nan tana kallon tsohuwar a matsayin mai raba ta da 'yarta, ashe ita ceto take ganin ta zo yi. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda.

Sannan ta kalli mijinta, sai komai ya riƙa faɗowa wuri ɗaya. Mutumin da zai kwana uku a kan babi ɗaya ko wanka sai an tuna masa, sannan ya yi wata bai buɗe littafin ba. Mutumin da in an je walimar 'yan Najeriya a Kampung Baru zai sulale ya koma mota ya zauna. Mutumin da ba ya kallon idonta in tana magana, har ta sha kuka a ɓoye tana cewa ba ya sonta. Ashe ba ƙi ba ne! Wani sabon sonsa ya taso mata, mai haɗe da haushin ƙaryar da ya gama shararawa yanzun nan.

"Ni lafiyata ƙalau," Zulkiflu ya faɗa. "Hajjo, PhD fa nake yi. Mai matsala yana PhD?"

"Yaushe za ka gama ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Waɗanda kuka zo tare ba sun koma ba? Auta, watannin nan ina kallonka. Na ga kana zagaye falon nan kamar kazar da za ta yi ƙwai. Na ga ka zauna gaban na'urar nan tun safe har la'asar ba ka rubuta komai ba, ka fito idonka ja. Da na ɗauka na gama aikina a kanka. Ashe girma kawai ka yi, ka koyi ɓoyewa."

"To me kike so in yi?" Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mata ba. "Kin san mutanenmu na nan? Kafin la'asar an sa a group. Dakta ya haifi galahanga, ashe shi ma da sauransa. Haka za su ce! Duk ba su san bambanci ba, suna ɗaya suke kiran komai da shi. Da wane ido zan shiga masallaci ranar Juma'a?"

"Shi ya sa ka ce a tafi da ita?" Ruƙayyatu ta tambaya. "Don kada a gani?"

Ya runtse ido.

"Duk abin da matar nan ta faɗa," ya ce da ƙyar, "ni nake ji tana faɗa. Tun ranar farko da muka je. Ina zaune tana tambaya a kan Ulfa, ni kuma ina amsawa a zuciyata, eh, eh, eh. Ban iya ba, Ruƙayya. Na ce in ta tafi wurin Hajjo, yadda na tashi ita ma za ta tashi, shi ke nan a rufe maganar."

"Yadda ka tashi?" Hajjo ta girgiza kai. "Kai ka san kukan da ka sha? Ni na sani."

Dakta Noraini ta ɗan yi tari. Ruƙayyatu ta dubi mijinta, ta jira sai da ya kawar da kai ya ɗaga kafaɗa, alamar ta faɗa. Ta taƙaita wa likitar abin da Hajjo ta ce.

Likitar ta yi magana da taushi.

"Abin yakan bi jini, iyaye da yawa a wurin gwajin 'ya'yansu suke fara gane kansu. Ba zan ce kana da shi ba, Malam Zul, ni likitar yara ce, kuma ba a yanke wannan daga labari. Amma ina da abokin aiki mai ganin manya. In ka zauna na yi maka 'yan tambayoyi yanzu, sai in tura ka wurinsa. Ba dole. Boleh? Ka yarda?"

Wannan karon Ruƙayyatu ce ta fassara wa Hajjo, kalma bayan kalma.

Sai ga waya ta ɗauki ruri a aljihun jallabiya. Ulfa ta toshe kunne. Zulkiflu ya zaro ta da sauri, garin kashe ƙarar ya danna amsa, muryar Bilya ejan mai harkar tikiti ta cika falon.

"Dakta! Tun safe nake nemanka, wallahi you no dey pick. Yanzu za a rufe sunaye, kuma duk mai tafiya sai ya je gwajin hanci yau kafin azahar. Hajiya na sani, ita confirm ce. Yarinyar fa? Kujera ɗaya zan riƙe ko biyu?"

Ido duk ya koma kan Hajjo.

Hajjo ta sa hannu a ƙugu, ta kwance lalita. Ta zaro koren fasfon Ulfa ta ajiye a tsakiyar tebur, ta ɗora yatsa ɗaya a kai.

Ruƙayyatu ta bi fasfon da ido.

"'Yar nan ta karya al'adar gidanmu a gabana saboda 'yarta," in ji Hajjo. "Ban ji daɗi ba, amma na ga uwa. Da ita kaɗai ce, da yanzu na miƙa mata wannan na ce Allah ya raya. Amma ba ita kaɗai ba ce a gidan."

Ta ɗago ta kalli ɗanta.

"Wanda ya yi wa uwarsa ƙarya yau don kada a ji sunan abin, gobe zai hana a kai yarinyar wurin koyon, don kada a gan shi a bakin ƙofar. Jibi ya ce mata ta daina jera takalma, baƙi za su zo. Ba zan bar takwarata a gidan da ubanta ke jin kunyarta ba. Gara ta sha wahalar jirgi ta zo inda ba a jin kunyarta."

"Hajjo, ki rufa min asiri," in ji Ruƙayyatu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ba a hannuna yake ba yanzu." Ta miƙe daga kujerar gaban allon, ta koma gefe. "Ga wuri nan, Auta. In ka zauna ka amsa wa matar nan, fasfo na uwarta ne, na yafe kyautar da ka yi min. In kuwa ka ƙi, ka ce wa yaron nan kujera biyu."

"Hello? Dakta? Network ne?" Bilya ne daga cikin wayar.

Zulkiflu ya kalli kujerar. Ya kalli ƙofar fita. Gumi ya jiƙa masa wuyan jallabiya.

Sai ga Ulfa ta baro taga da gudu. Ba ta kalli kowa ba. Ta kama kujerar da Hajjo ta tashi a kai, ta ja ta ƙiiii, ta daidaita ta a ƙarshen layin takalmanta, daidai gaban laptop, ta zama kan jirgi. Garin ja, ƙafar kujerar ta ture silifas ɗin Hajjo ya karkace, ita ba ta ma gani ba. Ta bubbuga mazaunin da tafin hannu.

"Abba, duduk."

Wato Abba, zauna.

Zulkiflu bai zauna ba. Idonsa na kan silifas ɗin nan da ya fita daga layi. Ya kawar da kai, idon ya koma. Ya sake kawarwa. Kafin ya san abin da yake yi ya sunkuya, ya sa yatsa biyu ya mayar da shi daidai, ya ɗan ƙara gyara shi har sai da bakinsa ya yi daidai da na gabansa.

Da ya ɗago, uwarsa na kallonsa. Matarsa na kallonsa. Likitar ma daga cikin allo tana kallonsa.

"Dakta, don Allah mutane na jira a bayanka," in ji Bilya. "Ɗaya ko biyu?"